Hukuncin Mai Karatu: Littattafan Soyayya da Ɓoyayyen Sirri daga Kano zuwa Damagaram

Gabatarwa

Garin Mirriya, wanda ke gabas da birnin Zinder da tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, an san shi da tukwane da kayan lambu da kuma kasuwarsa ta ranar Lahadi. Tsohon gari ne na ƙasar Tsotsebaki, wanda ya shiga ƙarƙashin daular Damagaram a ƙarni na 19, kuma tun wancan zamani idon fataken wannan yanki yana kan Kano. A cikin hajar da ƴan kasuwar Damagaram suka riƙa ɗaukowa daga can tun ƙarshen shekarun 1980, akwai wata ƴar ƙarama wadda ba ta da nauyi a kaya, amma ta yi nauyi a bakin jama'a. Ita ce ɗan siririn littafin nan mai takarda mai araha, mai hoton budurwa a bango, wanda ke ɗauke da labarin masoya biyu da wani ɓoyayyen al'amari da ba a tone shi sai a shafukan ƙarshe.

Masana sun yi rubutu mai yawa a kan marubutan waɗannan littattafai da masu sukarsu. Wanda aka fi mantawa da shi a cikin tarihin shi ne mai karatu, alhali kuwa kuɗinsa da yabonsa da ƙorafinsa su ne suka raya wannan adabi, suka kuma juya akalarsa. Wannan maƙala za ta bi sawun ra'ayin mai karatu tun daga dandalin tatsuniya har zuwa zamanin wayar salula, domin a ga darasin da malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu za su iya tsinta a ciki.

Mai sauraro alƙali ne tun fil azal

Bahaushe bai saba sauraron labari baki rufe ba. A dandalin tatsuniya, mai bayarwa ba ya farawa sai an amsa masa, kuma yara sukan gyara wa tsohuwa in ta tsallake wani wuri. Haka nan akwai wani rukuni na labaran gargajiya da ake ƙarewa da tambaya: samari uku sun ceci budurwa ɗaya, kowanne da irin bajintarsa, to wa ya cancanci aurenta? Mai ba da labari yakan yi shiru a nan, ya bar masu sauraro su yi ta gardama har dare ya raba. Idan aka haɗa wannan da kacici-kacici, za a ga cewa abubuwa biyu da littattafan zamani suka dogara a kansu, wato soyayya da warware ƙulli, sun daɗe a cikin jinin adabin baka. Hukuncin mai sauraro kuma wani ɓangare ne na labarin kansa.

Abubakar Imam ya fahimci haka sarai lokacin da ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930. Aku yana riƙe ɗan sarki da labari bayan labari domin ya hana shi fita, kamar yadda gwanar labarin Dare Dubu da Ɗaya take tsare ranta da labarin da ba ya ƙarewa kafin asuba. Dabarar riƙe mutum da ɗokin jin ƙarshe ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Daga gasar 1933 zuwa littattafan 1980

Ƙagaggen labari na boko ya samo asali ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a shekarar 1933. Ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, waɗanda aka buga tsakanin 1934 da 1935. A cikinsu Jiki Magayi ne ya fi kusa da abin da ake magana a kai, domin labari ne na saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa, ya bi duniya neman hanyar ramuwa.

Sai dai a wannan zamani alƙalan gasa da jami'an ilimi ne suke yanke abin da za a buga. Mafi yawan masu karatu ɗalibai ne, kuma littafin da aka sa a manhaja shi suke karantawa, ko sun so ko sun ƙi. Haka abin ya ci gaba a zamanin Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA, har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. A shekarar 1980 kamfanin ya fitar da littattafai uku da suka yi nasara a wata gasa tasa: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Na biyun shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Bayan shekara biyu, gasar Sashen Al'adu na Tarayyar Nijeriya ta fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mai cike da ta'asa da tashin hankali. Ke nan kafin 1983 an riga an shuka iri biyu, na soyayya da na tsayar da numfashi. Abin da ya rage shi ne ruwan da zai fito da su.

Lokacin da mai karatu ya karɓi linzami

Abubuwa biyu ne suka haɗu a tsakiyar shekarun 1980. Na farko, yaran da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya kwasa zuwa makaranta a Nijeriya tun 1976 sun girma, sun iya karanta Hausar boko, kuma da yawansu ƴan mata ne da aka aurar suka zauna a gida. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta kaɗai. Ga masu ƙishirwa, ga rijiya a rufe.

Matasa suka ɗauki alƙalami da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar waɗannan shekaru, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Yusuf Adamu ya biyo da Idan So Cuta Ne a 1989. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta a Kano, wadda ta fi shahara ita ce Raina Kama, inda ake samun su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da ita Balaraba. Marubuci shi ke neman kuɗin bugu, shi ke kai wa ƴan kasuwa, shi ke bin bashinsa.

Wannan tsari ne ya ɗora mai karatu a kujerar alƙali. Saboda ƙarancin jari, akan raba labari kashi biyu ko uku, a fitar da na ɗaya, a jira kuɗinsa ya dawo kafin a buga na biyu. Dole ne littafi na ɗaya ya tsaya a inda zuciya take rataye: an ga wasiƙar da ba a san wanda ya rubuto ta ba, ko amarya ta ɓace daren ɗaurin aure, ko wata tsohuwa ta buɗe baki za ta faɗi asalin yarinyar da aka tsinta. Idan jama'a ba su damu da sanin ƙarshen ba, to littafi na biyu ba zai taɓa ganin rana ba. Ta haka ɓoyayyen sirri ya zama abokin tafiyar soyayya, kuma buƙatar kasuwa tana da hannu a cikin wannan aure kamar yadda fasahar marubuta take da shi. Ba a rasa tasirin waje ba: waɗanda suka yi sakandare sun karanta littattafan Mills & Boon da na James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, kowa kuma ya kalli finafinan Indiya.

Muhawarar masana

Tun daga 1991 aka fara kai ruwa rana a shafukan jaridar Nasiha ta Kaduna. Ibrahim Malumfashi ya soki littattafan da rashin zurfi, da kwaikwayon finafinan Indiya, da sakaci wajen ƙa'idojin rubutu. Shi ne ya yaɗa sunan Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƴan littattafan kasuwar Onica da suka yi tashe a kudancin Nijeriya suka shuɗe. Marubuta irin su Ado Ahmad suka mayar da martani. A ƙarshen shekarun 1990 muhawarar ta koma filin adabi na jaridar New Nigerian ta mako, wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsaya wa marubutan. Hujjarsa ita ce sun sa dubban matasa karatu da harshensu, kuma ba duka littattafan ne na soyayya ba. Shi da masu ra'ayinsa sun fi son a kira shi adabin Hausa na zamani.

Masana na ƙetare ma sun sa baki. A 1997 Brian Larkin ya yi nazarin alaƙar littattafan da finafinan Indiya, Novian Whitsitt ya dubi ayyukan Balaraba Ramat da Bilkisu Ahmed Funtuwa, sannan a 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da jerin sunayen littattafan da aka buga daga 1987 zuwa 2002, wanda ya ƙunshi fiye da 700. Wannan adadi kaɗai ya isa shaida cewa yayin da masana suke gardama a jarida, wasu mutane can a cikin gidaje sun riga sun yanke nasu hukuncin da kuɗin cefane.

Abin da masu karatu suka ce

Ra'ayin mai karatu ya bi hanyoyi da dama. Marubuta sukan sa adireshinsu a bangon littafi, daga baya lambar waya, wasiƙu kuma su yi ta zuwa. Wasu marubutan sukan buga sunayen masu rubuto musu a shafin gaisuwa. Akwai shagunan haya, inda ake biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a tafi da littafi na kwana ɗaya ko biyu, kuma mai shago ya fi kowane malamin jami'a sanin littafin da ya karɓu, domin shi ne wanda bangonsa ya yage aka ɗinke da zare. Akwai kuma gidajen rediyo da suka riƙa karanta littattafan kashi-kashi, har wanda bai iya karatu ba ya sami abin cewa.

Idan aka tattara abin da ake faɗa, za a iya kasa shi uku. Kashi na farko su ne waɗanda suka ga rayuwarsu a cikin labarin. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, misali ne babba. Labarin Sumayya ƴar masu hali ne da Muhammad ɗan talaka, da yadda aka nemi tilasta mata auren mai kuɗi har ta faɗa rijiya. Matasa da yawa sun ɗauke shi a matsayin mai magana da yawunsu a kan auren dole. Haka matan aure suka karɓi Alhaki Kwikwiyo na Balaraba, na 1990, wanda ya nuna halin matar da miji ya kora da ƴaƴanta saboda amarya.

Kashi na biyu su ne iyaye da wasu malaman addini da na boko, waɗanda suka ce littattafan suna koya wa ƴan mata bijire wa iyaye, suna cusa musu burin gidan bene da mota, suna kuma cinye lokacin karatu. Wannan tsoro ba na banza ba ne gaba ɗaya, domin an sami littattafan da suka wuce gona da iri, kuma kurakuran rubutu sun yi katutu a cikin da yawa.

Kashi na uku ba a cika jin muryarsu a jarida ba, ga shi kuwa da alama su ne mafi yawa. Su ne masu karatu don nishaɗi kawai. Ma'auninsu daban yake da na masana. Sukan yaba littafin da ya hana su barci, wanda suka yi hasashen mai laifi suka faɗi ba daidai ba, wanda ya sa su dariya a tsakiyar tashin hankali. Sukan yi tir da wanda aka gane ƙarshensa tun shafi na goma, ko wanda marubucin ya ja shi zuwa littafi na huɗu don neman kuɗi, ko wanda aka kashe tauraruwar ba gaira ba dalili. Wannan ma nazari ne, ko da ba a rubuta shi da kalmomin jigo da salo da warwara ba. Abin lura kuma shi ne, ko mai neman nishaɗi yakan so a ce littafin yana da darasi. Shi ya sa da wuya a buɗe ɗaya daga cikinsu ba a tarar da marubucin yana bayyana cewa manufarsa faɗakarwa ce ba. Mugu dole ya ga sakayya, mai haƙuri dole ya dafa dutse. Marubucin da ya saɓa wa wannan yakan ji a jikinsa.

Tsallaken iyaka

Tsakanin Kano da Zinder tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, ko ta Daura da Matamaye, ko ta Magarya. Hanya ce da ayarin raƙuma ya bi tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da Damagaram take zangon fatake tsakanin Tarabulus da Kano. Littattafan addini na Larabci da na ajami sun daɗe suna bin ta. Littattafan soyayya da kasakasan finafinan Hausa sun tarar da turba a share.

Amma mai karatu na Damagaram yana da wani hali da na Kano ba shi da shi. Tun zuwan Faransawa a 1899, da zaman Zinder babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, makarantar boko a nan da Faransanci take magana. Manyan marubutan da suka ɗauko tarihin ƙasar, irin su André Salifou mai wasan kwaikwayon Tanimoune da Abdoulaye Mamani mai Sarraounia na 1980, da Faransanci suka yi rubutu. Ɗan lakwal mai son labarin soyayya ko na ƴan sandan ciki yakan nemi littattafan Harlequin, ko jerin SAS, ko kuma Adoras da aka fara bugawa a Abijan a 1998. An yi ƙoƙarin shigar da harshen gida: an zauna taron Bamako na 1966 a kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, an buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci ta farko a Zinder a 1973, an kuma yi taron daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a Yamai a 1980. Sai dai yaron da ya koyi karatun Hausa a makarantar gwaji, ko dattijon da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, idan ya gama ba ya samun abin karantawa mai yawa in ban da ƙasidun kiwon lafiya da na noma.

Wannan giɓi ne littattafan Kano suka shiga. Wanda ya san baƙaƙen Faransanci, kuma Hausa ce harshen da ya tashi da shi, ƴan kwanaki kaɗan sun ishe shi ya saba da ƙa da ɗa da ɓa, muddin akwai labarin da yake jan sa. Ɗokin sanin wanda ya sace amarya malami ne da ba ya duka, ba ya kuma karɓar albashi. Tare da haka, mai karatu na Mirriya yana da nasa ƙorafin. Labarin yana faruwa ne a unguwannin Kano da Kaduna, kuɗin naira ne, makarantun da sarautun da karin harshen duk na can ne. Yana jin daɗin labarin, amma ba ya ganin Birni ko Zango ko lambunan garinsu a ciki.

Daga wuta zuwa waya

Ra'ayin kashi na biyu ya sami ƙarfin hukuma a Kano bayan kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a bainar jama'a, daga baya kuma aka nemi marubuta su yi rajista da hukumar. Marubuta sun yi ta jayayya da wannan mataki. Wutar ba ta kashe adabin ba. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kwikwiyo da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, a 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla.

Abin da ya rage kasuwar littafin takarda shi ne wayar hannu. Labaran sun koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Marubuciya takan saki shafi ɗaya yau, kafin gobe masu karatu sun faɗa mata wanda suke so tauraruwar ta aura. Dandalin tatsuniya ya dawo ta wata ƙofa, kuma iyakar Nijar da Nijeriya ba ta tare shi.

Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka tana iya ɗaga darajar harshe, amma masu karatu ne suke raya rubutunsa, kuma tarihin da aka bi a sama ya nuna cewa ba a samun masu karatu da littattafan manhaja kaɗai. Shekaru hamsin na bugun hukuma sun samar da littattafai masu daraja da ake alfahari da su har yau. Shekaru goma sha biyar na bugun kasuwa sun samar da jama'ar da take sayen littafi da kuɗinta.

Saboda haka akwai aiki a gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu na Mirriya da sauran ƙasar Damagaram. Na farko, a tattara tsofaffin littattafan da suka rage a akwatunan iyaye mata kafin gara ta gama da su, a kuma ɗauki bayanin waɗanda suka karanta su, domin ra'ayin da ya tsaya a baki iska ke tafiya da shi. Na biyu, malami ya zaɓi masu tsabta daga ciki ya kai aji, ya tsaya a inda marubuci ya rataye labari, ya tambayi ɗalibai abin da suke zato da dalilinsu, sannan ya sa su gyara kurakuran rubutun da suka gani. Na uku, a ƙarfafa wa matasan yankin gwiwa su rubuta nasu, da sunayen unguwanninsu da karin harshensu. Ranar da yarinya a Mirriya za ta kwana ba barci saboda son sanin sirrin da aka binne a wani lambu na garinsu, ranar ce za a ce rubutacciyar Hausa ta zauna da gindinta a Damagaram.